Ku Mayar wa Mai Waƙa Waƙarsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da sauran ma'aikata, na rubuto ne a kan shirinku na daren Lahadin da ta wuce, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake. Shekara da shekaru ina sauraron tasharku, ban taɓa ɗaukar alƙalami don ƙorafi ba sai yau.

Yaron nan naku mai gabatar da shirin ya buɗe baki ya ce hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ita ce ta rubuta waƙar "Wind of Change" ta miƙa wa ƙungiyar mawaƙan Jamus mai suna Scorpions su rera don a rusa Tarayyar Sobiyet. Bai ce "an ce" ba, bai ce "ana zargi" ba. Ya faɗe ta kai tsaye kamar mai karanta labaran ƙarfe bakwai, suka bushe da dariya shi da abokin aikinsa, suka wuce. Autana yana zaune kusa da ni, ya juyo ya ce, "Baba, ashe waƙar nan da kake so ta 'yan leƙen asiri ce?" Tambayar nan ce ta hana ni barci ranar.

Malam Edita, ina cikin filin wasan nan da waƙar ta samo asali. A 1989 ina shekara ta uku a fannin injiniya a jami'ar nan ta Mosko mai ɗauke da sunan Patrice Lumumba, firaministan Kwango na farko wanda CIA ta taɓa ƙulla makircin kashe shi. Ranar 12 da 13 ga Agusta aka yi babban taron kiɗan rok na zaman lafiya a filin wasa na Lenin da ke Luzhniki, daidai inda kogin Moskva ya yi kwana. Bon Jovi sun zo, Ozzy Osbourne ya zo, da Mötley Crüe, da Cinderella, da Skid Row, da ƙungiyar 'yan gida mai suna Gorky Park. Ni a lokacin ban san kowa a cikinsu ba. Wani abokin karatuna ɗan Rasha ne ya samo tikiti biyu, ya dame ni sai na raka shi. Yayansa ya tafi yaƙin Afghanistan bai dawo ba, kuma a watan Fabrairun shekarar ne sojojin Sobiyet na ƙarshe suka baro ƙasar. Tun daga lokacin ban ga ya yi dariya ba, shi ya sa na kasa ce masa a'a.

A lokacin filin nan yana ɗaukar kimanin mutum dubu ɗari, kuma ya cika maƙil. An jera sojoji da 'yan sanda sahu-sahu, yara ne ƙanana sa'o'inmu, sun ba dandamali baya suna fuskantar jama'a, fuska a murtuke, domin aikin da aka ba su ke nan. Wanda bai zauna a ƙasar nan a wancan zamani ba ba zai gane abin da kaki yake nufi a idon talaka ba. Ko layin sukari ka shiga, idan mai kaki ya gitta, hira takan mutu. To da Scorpions suka hau, da idona na ga sahun nan ya fara karyewa. Wannan ya waiga, wancan ya waiga, can sai ga huluna a sama. Wani soja da ke gabanmu ya cire rigarsa yana kaɗa ta. Abokina ya riƙe mini kafaɗa yana kuka yana tsalle a lokaci guda.

Kuma ka tuna su wane ne a kan dandamalin. Jamusawa ne daga Hannover. Yaƙin Duniya na Biyu da iyayensu suka kawo ƙasar ya ci rayukan 'yan Sobiyet sama da miliyan 20, da wuya ka shiga gida a Mosko ba ka ga hoton wanda yaƙin ya ci ba a jikin bango. Kakan abokina yana cikinsu. Amma ga jikoki suna yi wa Jamusawa tafi har hannu na zafi. Shekara guda kafin nan, a Afrilun 1988, an shirya su yi wasa a Mosko, hukuma ta ji tsoro ta soke, sai a Leningrad suka yi wasa goma. Cikin wata goma sha shida kacal, garin da ya rufe musu ƙofa ya buɗe musu filinsa mafi girma.

Ga abin da nake so yaronku ya ji da kyau: ranar nan ba su rera "Wind of Change" ba, domin babu ita a duniya tukuna. Abin da ya faru a filin shi ya haife ta. Mawaƙinsu Klaus Meine ya sha bayar da labarin yadda aka ɗebe su a jirgin ruwa wata yamma a kan kogin Moskva, mawaƙa da 'yan jarida da sojoji duk a jirgi ɗaya, har zuwa lambun Gorky. Kogin da lambun duk suna cikin baitin farko na waƙar. Ya koma gida Jamus, a watan Satumba ya zauna gaban ɗan piyanonsa na lantarki ya tsara ta. A al'adar ƙungiyar, mai jita Rudolf Schenker, wanda ya kafa ta a 1965, shi ya fi tsara kiɗa, Meine ya ɗora kalmomi. A wannan karon kiɗa da kalmomi duk daga Meine suka fito. Har fiton nan na farkon waƙar, wanda duk duniya ta san ta da shi, ya samo asali ne daga cewa shi ba makaɗin jita ba ne, sai ya yi karin da baki. Mutanen kamfanin faifai a Amurka sun so a cire fiton, a ganinsu bai dace da ƙungiyar da aka sani da kiɗa mai nauyi ba. Ya ƙi. Wane ma'aikacin ofis ne zai tsara makami, sannan ya sa masa abin da 'yan kasuwa ke roƙon a cire?

Ku ɗauki kalanda ma ku duba. Yaronku ya kuma ce waƙar ce ta taimaka wajen rushe katangar Berlin. Katangar ta faɗi ranar 9 ga Nuwamba 1989, lokacin waƙar tana cikin takardun mai ita. A 1990 suka ɗauke ta tare da furodusa Keith Olsen. Jamus ta haɗe ranar 3 ga Oktoba 1990. Sai a watan Nuwamba na shekarar kundin Crazy World ya fito, ita kuma aka fitar da ita a faifanta ita kaɗai a Janairun 1991. Yaya waƙar da ba a ji ba za ta rushe katangar da ta riga ta faɗi da shekara guda? Wannan lissafi ne da ɗan firamare zai yi, kuma minti biyar ya ishi mai shirya shiri ya bincika kafin a buɗe makirufo.

Na san inda ya tsinto maganar. A 2020 wani ɗan jaridar Amurka, Patrick Radden Keefe, ya yi shirin sauti na intanet mai kashi takwas yana bin diddigin wannan jita-jita, wadda shi ma a bakin wani ya ji ta. Na saurare shi daga farko har ƙarshe. Mutumin ya zaga, ya tambayi tsofaffin jami'ai, ya je har Jamus ya zauna da Meine ya tambaye shi ido da ido, Meine ya musanta. Shirin ya ƙare babu takarda ɗaya, babu shaida ɗaya da ya ce na gani. Wanda ya kwashe lokaci yana bincike bai yanke hukunci ba, sai yaronku da ya ji kanun labarin ya yanke. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda aka nemi tushensa aka rasa.

Kada ka ɗauka ina kare CIA ne. Mutumin da ya yi shekaru yana wucewa ƙarƙashin sunan Lumumba kowace safiya ba za a koya masa halin hukumar nan ba. Na san ta zuba kuɗi a ɓoye cikin mujallu da tarukan marubuta a zamanin yaƙin cacar baka, har a nan Afirka, kuma wannan an tabbatar da shi da takardu. Da a kan wannan kuka yi shiri, da na rubuto yabo. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ɗabi'ar nan da ta shige mu, ta cewa duk abin da ya faru a duniya sai wani Bature a wani ofis a Washington ne ya kitsa shi. Da jumla ɗaya kuka ƙwace wa mawaƙi waƙarsa, kuka kuma mayar da mutum dubu ɗarin nan tumaki da aka kora. Sojan nan da ya jefa hularsa sama babu wanda ya biya shi. Abokina babu wanda ya rubuta masa hawayensa. Mutanen nan sun gaji da layi, sun gaji da tsoro, sun gaji da akwatunan gawa daga Afghanistan, kuma wani baƙo mai kunne ya zo ya ji gajiyarsu ya sa mata kari.

Na fara jin ta ne a kaset, a ɗakin kwananmu na ɗalibai, cikin sanyin farkon 1991. Abokin nan nawa ya shigo da ita a aljihun kwat. Da fiton ya tashi, aka ambaci kogin, sai muka kalli juna, babu wanda ya yi magana. Shekarar nan ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Jamus da Faransa da wasu ƙasashen Turai, ta kai na biyu a Ingila, na huɗu a Amurka. Sun sake rera ta da harshen Rasha da na Sifaniya. A watan Agusta muna Mosko tankoki suka shigo gari a yunƙurin juyin mulkin nan da ya watse cikin kwana uku. A Disamba shugaban Sobiyet Gorbachev ya karɓi 'yan ƙungiyar a fadar Kremlin, kwanaki kaɗan kafin ya sauka ranar 25 ga wata. Abin da ya biyo baya ba daɗi ne da shi ba, ni shaida ne. Kuɗin ƙasar ya zama takarda, alawus ɗinmu na ɗalibai ya daina sayen komai, na ga malamanmu manya suna sayar da kayan ɗakinsu a bakin tashar jirgin ƙasa. Fatan da ke cikin waƙar bai cika yadda aka so ba, kuma shi kansa Meine a 2022 ya canja baitin farko a wasanninsu saboda yaƙin Yukiren. Mutum ba ya yin haka sai da abin da yake nasa, wanda ya dame shi.

Sannan ko waƙar ma ba ku bari an ji ba. Fiton na tashi yaronku ya hau kai da gaishe-gaishe, wane na gaida wane, kafin a kai tsakiya kuka yanke kuka sa tallar maganin gargajiya. In za a yi wa waƙa ƙazafi, ai a bar ta ta kare kanta.

Tunda na riga na ɗauki alƙalami, bari in faɗi wannan ma. Shirin noma da kiwo da kuka ɗauke daga bayan sallar Isha'i kuka kai ƙarfe goma na safe, wa kuke so ya ji shi? A wannan lokacin manomi yana gona, ni ma da nake ɗan taɓa noman masara tun da na yi ritaya ban ƙara kama shi ba. Farashin hatsi na kasuwanni da kuke karantawa a ƙarshensa ma kun daina, ba tare da ko bayani ba. Maƙwabtana sun sa ni in faɗa muku, na faɗa.

Abin da nake nema a Lahadi mai zuwa bai da yawa. Yaron nan ya fito a daidai lokacin da ya yi waccan magana ya ce ya yi kuskure, ya faɗi sunan wanda ya rubuta waƙar da shekarar da aka rubuta ta, sannan ku sa ta daga fito har ƙarshe babu mai magana a kai. Zan zaunar da autana kusa da rediyo.

Wassalam.

Naku,
Tsohon mai sauraro,
daga Zariya