Mun Kwana a Garinku

Zuwa ga mutumina na Malesiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya karatu, ya baƙunta? Mu nan alhamdu lillahi. Hunturu ya fara kunno kai, kowa ya shiga neman man shafawa da rigar sanyi, abin da na san ka manta da shi tunda ka ce ku can ruwa ake yi muku ba rani ba damina.

Labari na kawo maka, na kuma ƙi faɗa ta waya don na san ba za ka bar ni in kai aya ba. Mun je garinku. Ba ɗaurin aure ba, ba ta'aziyya ba, ba kuma tsayawar nan ta Kwangila da muke yi a sha ruwa a wuce Kaduna ba. Takanas muka tashi daga Kano, ni da Ango da Ustaz da Likita, muka yi hutun ƙarshen mako a Zariya. Na san abin da ke bakinka, wai bayi sun je gaishe da iyayengijinsu. To ka haɗiye shi. Iyayengiji ne suka je duba lafiyar bayinsu, kuma mun same su lafiya lau.

Ƙanin matar Ango ne silar tafiyar. Yana karatu a sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, ajinsu kuma zai nuna wasa ranar Asabar da daddare, shi ne ya nace sai yayan nasa ya zo. Ango sabon suruki ne, ba shi da bakin cewa a'a, sai ya nemi 'yan rakiya. Ustaz ya fara da cewa shi ba zai yi tafiyar kilomita sama da 150 don kallon yara suna tsalle-tsalle ba, amma zai bi mu saboda yana da littattafan da zai nema a cikin birni. Riƙe wannan magana tasa, za mu dawo kanta.

Bayan an sauko daga Juma'a muka kama hanya. Ka san ta, ba sai na ɓata maka lokaci ba: Kura, Kwanar Dangora, Tashar Yari. A Tashar Yari Likita ya sa aka tsaya ya sayi rake, shi da kullum yake yi mana wa'azi kan sukari. Kafin magariba mun sauka a wani masauki a Samaru. Daren nan ba mu yi nisa ba, tsire muka saya muka zauna a teburin mai shayi muna kallon ɗalibai. A benci ɗaya ka ji Hausa, ka ji Yarbanci, ka ji Tibi, ka ji Turancin buroka, duk ana gardama kan jarrabawa.

Da safe muka shiga birni ta Ƙofar Doka. Mun karya da waina mai zafi da miyar taushe a wurin wata dattijuwa, ta ji harshenmu ta ce Kanawa ne, don haka kuɗin hannu kafin ta zuba. Daga nan sai ƙofar fada. Gaskiya zanen nan na bangon ƙofar, da launukansa da dagin da aka murɗa, hoto ba ya ba shi haƙƙinsa. Mun daɗe a tsaye muna kallo, dogarai suna ta kai da kawo cikin ja da kore.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne masallacin Juma'a. Ka san labarin lokacin da wani sashe nasa ya rufta wa masallata ana sallar La'asar, ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, har aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu, ya sa sun yi shahada. A kusa da wurin muka samu wani tsoho a inuwa, ashe magini ne, kuma da ya ga muna da kunnen saurare sai ya buɗe mana ciki. Ya ce ginin na asali aikin Malam Mika'ilu Babban Gwani ne, a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu. Ba siminti, ba rodi. Tubali ne da azara ta giginya, ana jera azarar ana ɗaurewa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ana bi da yaɓe, har bakan gizo ya tashi daga ginshiƙi ya haɗu da ɗan'uwansa a sama. Da sandarsa ya riƙa zana mana a ƙasa yadda nauyin rufi yake bin bakan ya sauka a gindin ginshiƙi. Ya kuma ba mu labarin nan da ake yi, wai bayan Babban Gwani ya gina wani masallaci a Birnin Gwari sai aka kashe shi don kada ya sake yi wa wani sarki irinsa. Ustaz ya ce wannan zancen baka ne, tsohon ya ce shi ma a baka ya ji, kuma a baka ya ji sunan kakansa.

Abin da ya ƙara da shi ne ya sa na yi shiru. Ya ce ginin ƙasa ba ya son a manta da shi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an duba rufi, an gyara indararo, an toshe tsaga, an sake yaɓe. In an yi haka ya ga jikoki da tattaɓa-kunne. Ya ce yanzu yaran da za su koyi ɗaurin guga, wato wannan ɗaurin rufi na azara, sun tafi buga bulo, shi kuma bai ga laifinsu ba, tunda nan kuɗin yake. Likita ya ce a gidan tarihi na Jos an gina kwafin wannan masallaci da girmansa, cikin gine-ginen gargajiya da aka tara a can. Sai na ji abin wani iri, a ce mai son ganin aikin Babban Gwani yadda yake tun farko sai ya hau mota ya tafi Filato.

Da rana abokin ƙanin matar Ango ya kai mu gidansu a cikin birni, mahaifiyarsa ta yi mana faten tsaki da rama da yakuwa, an watsa gyaɗa a ciki. Shekara da shekaru ina yi maka tsiya kan fate, kuma ba zan daina ba, amma kwanon nan ba a mayar da shi da komai ba. Ustaz ya samu littattafansa, mu kuma muka wuce Samaru muka zaga harabar jami'a kafin lokacin wasa. Mun leƙa filin da ɗaliban sashen zane suke ajiye sassaƙe-sassaƙensu. Yaron da ke mana jagora ya ce a nan Zariya ne, a 1958, tun jami'ar ba ta zama jami'a ba, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya suna cewa ba za su tsaya ga kwaikwayon zanen Turawa kaɗai ba, sai sun haɗa da na gida. Ustaz dai ya tsaya daga nesa yana duba waya.

To, sai wasan. Ka taɓa shiga wurin nan da suke kira ƙauyen wasan kwaikwayo? Ina tambaya ne don na san halinku, mutum ya yi shekaru a Samaru bai san abin da ke bayan tsangayarsu ba. Ni na zaci babban zaure za mu shiga, mai dandamali da labule da kujeru a jere. Sai na ga gini irin na gida, zagayayyun ɗakuna da katanga ta haɗe su, fili a tsakiya, sama a buɗe. A tsakiyar shekarun 1970 aka gina shi, wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Steven Ehrlich, wanda yake koyarwa a jami'ar a lokacin, shi ya tsara, magina na gari suka ɗora da ƙasa. Dubi abin mamaki: da safe tsoho yana kukan an guji ginin ƙasa, da daddare ga mu zaune a cikin wanda baƙo ya zo daga wata duniya ya ce shi ya fi dacewa da wasanmu.

Zama muka yi muka kewaye 'yan wasan kamar an kewaye kwanon tuwo. Ba wanda ya yi nisa, kana jin numfashin mai magana. Labarin kuwa na taki ne. An aiko wa wani ƙauye da buhu 100, amma kafin ya bi ta hannun wakili da dillali da mai unguwa da wani mai babbar riga da ba a taɓa faɗin aikinsa ba, abin da ya iso dandali bai fi a raba da mudu ba. Ba su da kayan ado na a zo a gani. Buhu ɗaya ne tak, shi suke miƙa wa juna, duk wanda ya karɓa ya juya baya ya rage, mai kalangu kuma yana bin kowane da habaici. Wata yarinya, daga jin Hausarta 'yar kudu ce, ta fito a matsayin tsohuwa mai sayar da daddawa, ita ce kaɗai a ƙauyen take faɗin gaskiya saboda an ɗauka ta rikice. Duk sanda ta buɗe baki sai wuri ya kaure.

Ana tsakiyar rikici, manomin da aka cuta ya ɗaga fartanya zai sari dillali, sai kalangu ya tsaya cak. Ɗaya daga cikinsu ya juyo ya dube mu, ya ce to jama'a, ga inda aka tsaya, ku me kuka ga ya kamata ya yi? Da fari kowa ya yi tsit. Wani ɗalibi ya ce ya kai ƙara. Wata mata ta ce wurin wa, alhali mai karɓar ƙarar ya ci nasa kason? Sai kawai na ji murya a gefena tana cewa, ai kuskuren tun farko ne, da an ƙirga buhunan a bainar jama'a ranar da mota ta sauke, a rubuta, liman da shugabar mata su sa hannu. Na waiga, Ustaz ne, har ya miƙe tsaye yana nuni da hannu. Ba su bar shi ya zauna ba. Suka jawo shi fili, suka ce shi ne liman, a sake wasan daga saukar mota a ga ko dabararsa za ta yi aiki. Mutumina, da ka ga Ustaz yana ƙirga buhun da babu shi, dillali yana raɗa masa a kunne cewa akwai na malamai a gefe, shi kuma yana ta a'uziyya da gaske, da sai an ɗauke ka. Ango yana da bidiyon, amma Ustaz ya rantse in ya fita sai sun rabu.

Bayan an tashi na tambayi yaron ko haka suke yi kullum. Ya ce ba kullum ba, amma wannan salo tsohon gadon sashen ne. Tun shekarun 1970 malamai da ɗalibai suke fita ƙauyuka irin su Soba da Bomo, su zauna da manoma su ji damuwarsu, su mayar da ita wasa, su nuna a dandali, a yi muhawara. Ni kuwa sai na tuna tashe. Mu da muka tashi muna ganin yara cikin azumi suna sa gemun auduga suna kwaikwayon malami da attajiri da mai gari, kowa ya yi dariya kuma kowa ya gane da wa ake, bai kamata a ce wasan kwaikwayo baƙon abu ne a wurinmu ba. Na kalli finafinai ba adadi a waya, ban taɓa jin ɗaya ya sa ni gumi don an tambaye ni ra'ayina ba. A mota Likita ya ce shi bai gamsu ba, wai a wasa ne kawai ƙirga buhu yake hana sata. Suka yi ta yi da Ustaz har muka isa Sabon Gari, inda farfesun kayan ciki da sakwara suka raba gardamar.

Lahadi da sassafe muka nufi Kufena. Ango ya tsaya a rabin dutse ya ce zai tsare mana takalma, alhali kowa da nasa a ƙafa. Daga sama kana hango gari cikin hazo, gonaki an girbe, ga kuma ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi. Da muka sauko muka bi ta Wusasa, inda Janar Gowon ya tashi, muka ga tsohuwar majami'ar nan ta 1929. Ita ma ginin ƙasa ce, da bakan gizonta irin na masallatai da zaurukan sarakuna, hannun maginan Hausa ne. Wani dattijo da ke kula da wurin ya karɓe mu hannu bibbiyu, Hausarsa ta fi tamu tsabta. Da Likita ya tambaye shi sirrin daɗewar ginin, amsarsa ba ta bambanta da ta tsohon cikin birni ba: a duba rufi kafin damina.

Mun biya gidanku kafin mu kama hanya. Hajiya tana lafiya, ƙafar ce dai take ɗan taɓa ta in sanyi ya shigo, Likita ya duba magungunanta ya ce a ci gaba da su. Ta yi mana faɗan sauka a masauki alhali ga ɗakinka a rufe, ta kuma cika mana but da mazarƙwaila da kuka da daddawa. Akwai ƙulli ɗaya da sunanka, yana wurina. In ka san mai tahowa wajenku cikin watan nan ka turo mini lambarsa in ba shi, ka kuma tambaya ko ana barin daddawa ta shiga ƙasar, kada a zubar da ita a filin jirgi.

Mun yanke shawarar tafiya ta gaba Jos za mu, mu ga kwafin masallacin nan, kuma mun ce sai ka zo hutu a yi da kai. Ka sanar da ni watan da kake sa ran sauka don Likita ya nemi hutu da wuri. Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara. Ustaz ya ce in gaya maka duk abin da na rubuta a kansa ƙari ne.

Wassalam.

Naka,
Mutuminka na Kano