Kafin a sayo wa yara kunkuru

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba mu fili mu ja hankalin 'yan uwanmu mazauna Jidda da Makka masu shawarar sayo wa yara kunkuru. Ɗan ƙaramin da ake gani kamar tafin hannu, in irin na Sahel ne, zai iya wuce kilo 40, ya shekara 50 ko fiye, kuma haƙa rami yake yi. Wanda ke haya a bene ya haƙura kawai.

Mai tsakar gida ya tanadi ƙasa, inuwa da wurin shan hantsi. Ranar da ta ratso gilashin taga ba ta wadatar da kunkuru, ƙoƙon bayansa sai ya yi laushi. Sanyin na'urar ɗaki na sa masa ciwon numfashi, santsin tayil kuma na karkatar da ƙafafunsa.

Abincinsa ciyawa ce, a ƙara da ganyen yakuwa da garin ɓawon ƙwai kaɗan. Kada a ba shi nama ko shinkafa, 'ya'yan itace ma sai jefi-jefi. Ƙarami a sa shi cikin ruwa mai ɗumi iya haɓarsa, minti 15 kullum. Duk yaron da ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, saboda salmonela, ƙwayar cuta mai sa gudawa.

Wasu masu kiwon dabbobi,
Jidda, Saudiyya