Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Dakta Tedros Ghebreyesus Kan Awon Ƙodar Tsofaffi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. A watan Mayun 2025 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ƙuduri kan ciwon ƙoda, mun kuma yi murna. Roƙona shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya da kake jagoranta ta soma aiwatar da shi daga inda aka daɗe ana sake, wato yadda ake auna aikin ƙodar tsofaffi.

Gwajin da aka saba yi shi ne na kiriyatinin a jini. To, tsoka ce ke samar da wannan sinadari, tsoho kuwa naman jikinsa ya zube. Sai sakamako ya fito kamar lafiya lau, alhali ƙodar ta yi rauni ƙwarai. Likita ya duba takarda, ya rubuta metformin, maganin ciwon suga, ko maganin hana daskarewar jini a cikakken awo, maganin ya taru a jiki don ƙodar ba ta iya fitar da shi. Abin da ke hana ni barci ke nan, domin cutarwar tana zuwa ne ta hannun wanda ya zo taimako.

Akwai awon da ba ruwansa da tsoka. A yi wa mutum allurar sinadarin ayohekzol a jijiya, sannan a riƙa ɗibar jininsa cikin awa 4 zuwa 5 a ga saurin da ƙoda ke tace shi. Idan ƙodar ta raunana sosai, sai an ƙara ɗiba bayan awa 24. Ka dubi hannun dattijuwa 'yar shekara 80: fata ta yi laushi, jijiya siririya tana zamewa daga bakin allura, ma'aikaciyar jinya ta soka nan ta soka can, wurin ya yi baƙi ya kumbura. Wa zai so a yi wa mahaifiyarsa haka sau da yawa a wuni ɗaya? Dole mutane su guji gwajin.

Alhali ɗigon jini daga ɗan yatsa zai iya wadatarwa. A ɗiga shi a kan takarda ta musamman, ya bushe, a aika ɗakin gwaji. Tun shekarun 1960 Robert Guthrie ya fito da wannan hanya don gwajin jarirai, masu bincike kuma sun nuna ana iya auna ayohekzol da ita. Allurar farko tana nan, amma sauran sukar jijiya ta tafi, har ɗigon ƙarshe ana iya ɗaukarsa a gida. Gaskiya ne ƙarancin jini, wanda ya yawaita ga masu ciwon ƙoda, yana canza yadda ɗigon ke bazuwa a takarda. Shi ya sa aka ƙera 'yan tsinkayen da ke tsotsar awo tsayayye, kamar maikirolita 10.

Ranka ya daɗe, tun 2018 hukumarka ke fitar da jerin gwaje-gwajen da bai kamata ƙasa ta rasa ba. Ka sa ƙwararrunku su tantance wannan hanya a kan waɗanda suka haura shekara 70, su fitar da ƙa'ida guda da ɗakunan gwaji za su bi, a kuma sauƙaƙa samun gwajin sistatin C, wato wani gwajin jini na aikin ƙoda da bai dogara da tsoka sosai ba, ga tsofaffin da za a ɗora wa magunguna masu ƙarfi.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mai kishin lafiyar dattawa