Canjin halitta baya ɗorewa sai jinsi ya rabe gida biyu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a bani fili, akwai abinda ke damuna a yadda ake bayanin sauyin halittu, kullum sai kaji ance dabba tana canzawa a hankali a hankali shikenan, ba mai tambayar me ke riƙe canjin har ya kai dubban shekaru.

A tsibirin Daphne Major dake cikin tsibiran Galapagos a tekun Pasifik, masana halittu Peter da Rosemary Grant sun bi wasu ƙananan tsuntsaye tun 1973, da akayi fari a 1977 ƙananan ƙwayoyin tsirrai da tsuntsayen ke ci suka ƙare, masu kaurin baki ne suka iya fasa masu tauri suka rayu, 'ya'yansu suka taso da manyan baki, amma da damina tayi yawa a 1983 abin ya sake juyawa. Kaga canji ya zo ya koma. Haka kuma ko wani rukuni ya canza a gefe guda, in dai yana barbara da sauran danginsa to cuɗanyar nan zata shafe bambancin, wannan shine abinda masanin halittu Douglas Futuyma ya jawo hankali akai a 1987, kuma ni wallahi inaga yana da gaskiya.

Sai ranar da rukuni biyu suka daina haihuwa da juna kowa ke kama gabansa da abinda ya tara. Ku duba doki da jaki, tsatsonsu ɗaya, doki nada kromozom (zaren dake ɗauke da gadon halitta a cikin jiki) 64 jaki 62, in sun haɗu a samu alfadari mai 63 wanda kusan baya haihuwa, hanya ta toshe kenan. Masana Eldredge da Gould ma tun 1972 suka ce a burbushin halittu na cikin duwatsu jinsi kan daɗe yadda yake, canjin yafi taruwa wajen rabewa, duk da har yau masana na jayayya kan yawansa.

Abinda yafi bani tsoro shine tafkin Biktoriya dake gabashin Afirka, wasu kifaye da ake kira siklid wajen nau'i 500 ne suka rabe a can, matan na zaɓen miji ta launi, inda ruwa ya gurɓace basa gane nasu, sai nau'ikan su koma cakuɗewa. Dan Allah shafinku na kimiyya ya taɓo mana wannan.

Nagode,
Mai bibiyar jaridarku