Zuwa ga kwastomominmu, kan maganar kan famfon kicin mai feshi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka.

Abin da ya sa muka rubuto shi ne yawan dawo mana da kan famfo da ake yi, mutum ya saya yau gobe ya dawo wai yana yoyo ko bai shiga ba, mu kuma in mun gwada sai mu ga lafiyarsa ƙalau. Wani lokacin laifin namu ne gaskiya, yaranmu ba sa tsayawa su yi bayani.

Kafin ma ku sayi sabo, ku duba tsohon tukuna. In ruwa ne kawai ya rage ƙarfi ko yana fita a karkace, galibi farin dattin nan ne na ruwa ya toshe hujojin. Ku kwance shi, ku jiƙa a ruwan khal da aka surka da ruwa kamar minti 30, ku goge da tsohon burushi, ku wanke ƴar ragar da ke bakinsa. Ciniki muke so, amma ba za mu sayar muku da abin da ba ku buƙata ba. In ya tsage ne ko madannin ya daina aiki, to wannan sai canji.

Babbar matsalar tiredi ce, wato haƙoran da ake murzawa. Da yawa rabin inci ne, amma kamfanoni irin su Moen da Delta da Kohler suna da samfuran da nasu daban yake, a ido sai ka rantse iri ɗaya ne amma ba zai kama ba, shi ya sa wasu kawunan ke zuwa da adafta a kwali. Don Allah ku riƙa zuwa da tsohon a hannu, hoto ba ya nuna mana girman.

Ɗaurawar ba sai an kira filamba ba. Ku rufe bawul biyun da ke ƙarƙashin sinki, ku jawo tiyon da kan yake ɗaure a bakinsa daga cikin famfon, sannan ku maƙale shi da abin shanya ko ku sa wani ya riƙe, domin akwai wani nauyi da aka ɗaura masa ta ƙasa, da kun cire kan, tiyon zai zuge ya koma cikin famfon, kuma fito da shi aiki ne sai an kwanta a ƙarƙashin sinki. Ku murza tsohon hagu ya fita. Ku ɗan buɗe ruwa ya wanke tiyon kafin ku ɗaura sabon, in ba haka ba yashin ciki zai toshe shi ranar farko.

Sai ƴar baƙar robar nan, washa. Ita ce ke hana yoyo, kuma ita ce aka fi mantawa a cikin leda. Ku tabbatar ta zauna daidai, ku ɗaure da hannu kawai. Ban da filaya, ban da sifana, yawancin kawunan nan roba ce aka yi wa fenti mai ƙyalli, da an matsa ta tsage, kuma wanda aka fasa ba ma karɓa. Farin tef ɗin filamba ma ba aikinsa ba ne a nan.

Wanda nasa ya ci gaba da ɗiga bayan duk wannan, ya kawo mana sabon da tsohon tare da rasit, za mu gwada a gabansa mu canza.

Mun gode,
Ma'aikatan shago