Mawaƙa, a daina barin bangon albam sai ranar ƙarshe

Malam Edita, assalamu alaikum.

Mu masu sana'ar zane da ɗab'i muna roƙon ɗan fili a jaridarka, mu ja hankalin mawaƙa da furodusoshinsu kan bangon albam. Mawaƙi sai ya shafe watanni a situdiyo, amma sai ana jibi za a saki waƙoƙin ya turo hoto ta WhatsApp, wai a haɗa masa bango kafin gari ya waye. Tun daga nan aiki ya samu tangarɗa, domin WhatsApp matse hoto yake yi. In ya zama dole ta can za a turo, a tura shi a matsayin fayil.

Bangon da za a ɗora a Spotify ko Apple Music murabba'i ne, fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto a allo) 3000 tsawo, 3000 faɗi, JPG ko PNG, a tsarin launi na RGB, wato na allon waya da kwamfuta. Kamfanonin rarraba waƙa irin su DistroKid da TuneCore kan dawo da bango idan hoton ya dushe, ko an sa adireshin intanet ko sunan shafin sada zumunta, ko sunan da ke jikinsa ya saɓa da wanda aka cike a fom. Dawowa ɗaya ta isa ta ɗage ranar fitowa.

Sannan a tuna, a waya mai sauraro zai fara ganinsa, bai fi farcen babban yatsa ba. A rage zanen zuwa wannan girman a duba. In fuska ta ɓace ko suna bai karantu ba, kaya sun yi yawa. Mota da wuta da taurari da salon rubutu kala huɗu a bango ɗaya, a ganinmu hayaniya ce kawai.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen bugawa. Allon waya haske yake fitarwa, takarda kuwa tawada take sha, don haka dole a mayar da zanen zuwa CMYK, wato tsarin launuka huɗu na tawadar bugu, tun kafin a kai maɗaba'a. Kore mai ƙyalli zai dushe, shuɗi mai zurfi kan karkata zuwa shunayya, kuma gara mai zane ya ga haka a kwamfutarsa ya gyara da ya gan shi a kwali dubu. Ƙarfin hoto ya zama ɗigo 300 a kowane inci. Takardar gaban akwatin CD milimita 120 ce ta kowane ɓangare, fiksel 3000 ɗin nan sun wadatar. Kwalin babban faifan garmaho kuwa yana kai wa kusan milimita 314, yana neman fiksel sama da 3700. Shi ya sa ake farawa da babba, a rage daga baya. Ƙaramin hoto in an ja shi fashewa yake yi.

Wuƙar yankan takarda ba ta taɓa sauka daidai a kowane kwafi. Saboda haka a bar zanen ya zarce layin yanka da milimita 3 ta ko'ina, rubutu kuma ya ja baya da milimita 3 zuwa ciki. Wanda ya manta na farko zai ga farin zare a gefen bangonsa, wanda ya manta na biyu zai ga an datse wa mawaƙi harafin ƙarshe. Takardar bayan akwatin CD tana da gefe biyu masu kusan milimita 6, nan sunan albam yake zama, kuma shi kaɗai ake gani idan an jera faifai a kantar shago. Ɗan littafin ciki shafukansa huɗu-huɗu suke tafiya: 4, 8, 12. Shi faifan CD ɗin yana da rami na milimita 15 a tsakiya, kada a ɗora fuskar mutum daidai wurin.

Ƙananan rubutu a yi su da baƙar tawada zalla. In aka haɗa su daga launuka huɗu, farantin buga launi ɗaya ya ɗan goce, sai rubutun ya yi inuwa. Kafin a tura fayil a mayar da haruffa zane, in ba haka ba kwamfutar maɗaba'a za ta musanya salon da ba ta da shi, ƙ da ɗ da ɓ su koma ƴan akwatuna. Lambar bakod, wato layukan da na'urar kanti ke karantawa, ta zama baƙa a kan fari, da sarari hagu da dama. Ja ba ya karantuwa a na'urar da ke haska jan haske.

Kada kowa ya ba da umarnin bugu sai ya riƙe kwafin gwaji a hannu, ya saurari faifan yana bin jerin waƙoƙin da yatsa, ya duba sunan duk wanda ya sa hannu a aikin. A kuma rubuta yarjejeniya da mai ɗaukar hoto, domin biyan kuɗin ɗauka ba lallai ya ba ka izinin buga hoton a riga da fosta ba. Mawaƙi ya karɓi asalin fayil mai hawa-hawa (wanda hoto da rubutu ke rabe a cikinsa) daga mai zane, da shi za a fitar da fosta da tallan waya mai fiksel 1080 da 1920 ba tare da an sake aiki daga tushe ba.

Mun gode.

Wasu masu sana'ar zane da ɗab'i