Ka Riƙe Tulip Ɗinka, Dajinmu Yana da Nasa

Yalwa, Bauchi,
Afrilu.

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Yaya sanyin Ingila, ya fara sakin ku? Mu nan zafin bazara ne sosai, hadari kan ɗan haɗu ta gabas da yamma, iska ta watsa shi. Allah ya kawo mana damina mai albarka.

Saƙonka ya iso, tare da hotunan gonakin tulip da ka je ka gani a Holan. Tubarkalla, yara sun yi ta karɓar wayar suna kallo. Amma batun aiko mini da albasarsa in dasa, don Allah ka riƙe kuɗinka. Tulip ba ya fure sai albasarsa ta sha sanyi ƙasa da digiri 9 na wata uku zuwa huɗu a jere. Hunturunmu kuwa ka san shi: sanyin asuba ne, hantsi na ɗagawa an tuɓe rigar sanyi. Wasu kan ajiye ta a firji, amma sai inda wuta ba ta ɗaukewa, kuma ko ta yi fure, sau ɗaya ne, ba za ta maimaita baɗi ba. Ga kuma takardar izinin hukumar killace tsirrai kafin a shigo da ita ƙasar. In har sai ka aiko da wani abu, to almakashin yankan reshe mai kyau nake so.

Abin da nake so ka gane shi ne, furannin da muka taso muna takawa a hanyar gona su ne suka fi dacewa da gidajenmu, kuma kyansu ya kai a kai su ko'ina. Ka tuna rumana, mai dogon kara da fure ruwan goro a jere? Ita ce gladiyolas ɗin da ake sayarwa da tsada a can, domin daga irin na Afirka aka haɗa yawancin waɗanda Turawa ke nomawa. Ga baurairai mai hawa jikin ciyawa, furensa ja da rawaya a murɗe. Zimbabuwe ta ɗauke shi furen ƙasa. Ga albasar kwaɗi a bakin fadama, fara mai ratsin ja. Ga takalmin zomo, mai ganye huɗu shimfiɗe a ƙasa da fure rawaya a tsakiya, wanda ke ƙarƙashin dawakin tambarin Nijeriya, ko da yake ja ake zana shi a can. Duk waɗannan sun san rani. Suna janye ƙarfinsu cikin ƙasa daga Nuwamba, su yi shiru, ruwan farko na sauka su farka. Ba mai ban ruwa, ba kuɗin 'yan ga-ruwa.

Ga yadda na tsara jikin katangar gabas. Can baya gwangwama, saboda tsawonta da faɗin ganyenta. A tsakiya rumana da baurairai, na kafa masa ƙarare ya hau. Gaba kuma albasar kwaɗi, sai ƙariya, gajeriyar itaciyar nan mai kumburarren gindi, a kusurwa, domin ita da rani take fure lokacin da sauran suka kwanta, don haka wurin ba ya zama fayau. Takalmin zomo na kai shi gindin mangwaro, ba ya son rana tsaka.

Aikin ƙasa shi ne babba, kuma yanzu ne lokacinsa. Abin da ke kashe albasar fure a Bauchi ba fari ba ne, ruwan Agusta ne in ya kwanta mata. Don haka na ta da kunya, na cakuɗa jar ƙasarmu da yashi da takin shanu wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Nakan barbaɗa toka a ramin kafin in sa. Rumana zurfin santimita 10 zuwa 15 take so, tazara kamar taƙi guda, kuma cikin kwana 70 zuwa 90 take fure. In aka dasa duka rana ɗaya, duka za su buɗe mako ɗaya su wuce. Sai a riƙa dasa kaɗan-kaɗan duk bayan mako biyu daga saukar damina, a samu na yanka har kaka.

Yankan ma da ladabinsa. Da sassafe ake yi kafin rana ta taɓa su, lokacin da fure ɗaya ko biyu na ƙasa suka buɗe, sauran za su buɗe a cikin ɗaki. A tsoma karan cikin ruwa nan take, a tsaye. A bar wa gindin ganye huɗu aƙalla. Mutane suna ganin fure ya wuce sai su share ganyen don tsabta, alhali da shi albasar ke tara abincin baɗi. Uwargida ta fi son wurin a share tas, mun dai daidaita a kan sai ya bushe da kansa.

Baurairai da ƙariya guba ne, wannan ba abin wasa ba ne. Saiwar baurairai tana kama da ƙaramar doya, kuma tana kisa. Ba na ajiye ta inda jikoki ko awaki za su kai, kuma ina wanke hannu bayan na taɓa ƙariya.

Abin da ke ci mini rai, feshin maganin ciyawa da faɗaɗa gonaki suna cinye su. Gefen hanyar Dass da muka saba ganin rumana jingim, yanzu sai ka yi tafiya ba ka ga ko ɗaya ba. Shi ya sa ba na tonowa daga daji. Daga gonar da za a yi wa huɗa nake roƙa, ko in raba 'ya'yan da nawa suka yi. Ina da niyyar zuwa Dadin Kowa, Kwalejin Noman Lambu ta Tarayya, in ji ko suna raya irin waɗannan. Masu sayar da fure a bakin titi galibi kayan Jos suke kawowa, kuma abin da ya yi kyau a tudun Filato ba lallai ya jure Maris ɗinmu ba.

Bikin autarmu bayan damina ne in Allah ya kai mu. Ta ce furen gida take so a ɗakinta, don haka zubin ƙarshe na rumana zan dasa shi a ƙarshen Yuli domin ya dace da ranar. Ka fara neman hutu tun yanzu, ba za mu karɓi uzuri ba. Uwargida tana gaida Hajiya, ka shafa mini kan yara.

Wassalam,
Naka amini.